Shekarar da Jirgin Babanku Ya Sauka

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ga abin da hannuna ya yi tun ban faɗa wa kowa ba.

Rabi, Ummaru, Sadiya, a wannan babin shekara guda kawai zan tsaya a kanta, shekarar da babanku ya dawo Tambuwal daga aikin soja. Ummaru, watan jiya ka dawo daga kasuwar Kebbe ranka a ɓace, ka ce wani dattijo ya tambaye ka ɗan wane ne kai, da ka faɗa sai ya ce, au, ɗan mutumin nan da ya zo har gida ya ɗora wa mamaci laifi. Ka tambaye ni ko gaskiya ne, na ci gaba da tankaɗena ban ce komai ba. Wannan shirun sa'anka ne, tun kana goye nake riƙe da shi. Karatuna bai yi nisa ba, sai ku yi haƙuri da rubutun, amma abin da idona ya gani ba na mantawa.

Babanku makanikin jirgin yaƙi ne, yana da igiya uku, shi ya sa har ya rasu ake ce masa Sajan. Ba ya tuƙi. Aikinsa ya duba jirgi kafin ya tashi, ya sa hannu a takarda cewa lafiya lau. A barikin da muka zauna, can nesa da gida, akwai wani hafsa matuƙi ɗan Kebbe, Ummaru ɗan Malam Sahabi. Ya fi babanku girma a aiki nesa ba kusa ba, amma idan ya ji kewar gida wurinmu yake zuwa ya zauna a tabarma ya sha fura, yana yi mini tsiya wai damun 'yan Tambuwal ruwa ne zalla. Wata safiya ya tashi da jirgin da babanku ya duba. Bai yi nisa da ƙasa ba injin ya mutu. Akwai kujerar da za ta iya cilla shi waje, amma gidajen mutane na gabansa, sai ya yi ƙoƙarin juyo da jirgin ya koma fili. Bai kai ba. Masu bincike suka ce wani bututun mai ne ya kwance. Aka tambayi babanku ko ya sa sifana a wurin da safen nan, ya ce yana jin ya sa, amma ba zai iya rantsuwa ba. Ba su ɗaure shi ba, sallamarsa suka yi.

Da muka je ta'aziyya Kebbe, ina da cikinka wata bakwai, Ummaru, Malam Sahabi ya riƙe hannun babanku ya ce masa ajali ne, ko akwai laifi ko babu ya yafe. Da aka haife ka shi da kansa ya hau bayan babur ya zo ya raɗa maka sunan ɗansa. Ni na ɗauka magana ta ƙare. Ashe yafiyar nan ta fi wa babanku nauyi a kan zagi.

Lokacin arzikin man fetur ya sa kuɗi sun wadata a ƙasa, kowa na sayen babur da janareta, ana ta buɗe shagunan buga takardu a bakin titi. Babanku ya tafi Sakkwato ya sayo kwamfuta ya ce shi ma shago zai buɗe. Cikin faya-fayan da mai kayan ya haɗa masa har da na wasan jiragen yaƙi, wanda mutum zai zauna kamar yana cikin jirgi, agoguna a gabansa, sama da ƙasa suna juyawa a kan allo. Shago bai buɗu ba. Ya sake komawa Sakkwato ya sayo sandar tuƙi mai maɓallai, ya kafa tebur a ɗakin da ke kusa da zaure, ya jawo wayar janareta ta taga.

Wasan na yaƙi ne, a harbi wannan a kakkaɓo wancan, amma ban taɓa ganin babanku ya harba ko harsashi ɗaya ba. Abu guda yake yi. Ya tashi jirgin, ya bar shi ya hau daidai inda na marigayi ya kai, ya kashe injin da hannunsa, sannan ya yi ƙoƙarin juyowa fili. Hancin jirgin ya sunkuya, ƙasa ta taso, wuta ta cika allon. Ya sake. Daga hantsi zuwa la'asar, in dai akwai mai a janareta. Ina tsakar gida ina daka ina jin ƙarar faɗuwar, har na san tsawon lokacin da ke tsakanin tashi da faɗuwa, bai kai a wanke kwano biyu ba. Rabi, ke kina shekara uku, kin koyi kwaikwayon ƙarar da bakinki, kina yi kina dariya.

Inna, mahaifiyarsa, tana leƙawa ta ƙofa ta yi tsaki.

"Sajan, mi kaka nema cikin akwatin ga? Mutane na huɗa gona kai kana kashe jirgin ƙarya."

"Inna, aiki nika yi."

"Aikin da ba a ci ba a sha? To in ya sabka ka ɗauko muna gero daga Jabo."

Ni ce ya gaya wa abin da yake nema, wata rana da na kai masa tuwo ya huce bai taɓa ba. Ya ce in jirgin da injinsa ya mutu a wannan tsayin yana iya komawa fili, to ba bututun kaɗai ya kashe Ummaru ba, akwai wata ƙofa da ta rage a buɗe. In kuwa ba ya iyawa, to tun a ƙasa ya kashe shi, da hannunsa. Ya faɗi wannan kamar mai faɗin farashin albasa. Tun ranar, duk faɗuwar da na ji daga tsakar gida sai in ji kamar alƙali ne ya sake yanke masa hukunci.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, shi kansa bai yarda da wasan ba. Kullum cikin faɗa yake da shi. Jirgin da ke ciki ba irin nasu ba ne, ƙanensa ne, in ji shi, fiffikensa ya fi gajarta. Filin da yake tashi na wata ƙasar hamada ne, babu namu a ciki. Injin wasan mutuwa yake yi ɗif lokaci guda, alhali na gaske sai ya yi tari tukuna, yana ɗan ba da ƙarfi. Zafin ranarmu da ke sa jirgi nauyin tashi, waɗanda suka ƙera wasan ba su san shi ba. Sandar tuƙin kuma ta koyi jan hagu ita kaɗai, ya kwance ta ya fi sau goma, ya ɗaure cikinta da robar tayar keke. Da bazara ta kama, kwamfutar sai ta daskare tsakiyar juyi, jirgin ya tsaya cak a sama. Ya sa ni ina jiƙa buhu ina ratayawa a taga don iska mai sanyi ta shigo mata, ita, ba mu ba.

Wata rana na yi ƙarfin hali.

"Malam, tunda kac ce ƙarya shika yi, mi za ka yi da shaidar maƙaryaci?"

"Balki, kin san wani mai shaida ban da shi? Kai ni wurinai."

Ya rame har wandonsa na soja yana zamewa. Ya daina zuwa majalisa. Kai Ummaru in ka yi kuka na kira sunanka sai in ga ya runtse ido, har na koma ce maka Baba Ƙarami don kada sunan ya riƙa dukansa. Ina da shekara ashirin da biyu, yara biyu, ga miji yana narkewa a gabana kamar sabulu a ruwa. Tsoron da nake ji shi ne wata safiya in shiga ɗakin in tarar hankalinsa ya tafi gaba ɗaya, a ɗaure shi a kai shi wurin masu magani, yara su taso ana nuna su. Na karɓo rubutu na zuba masa a kunu, na yi sadakar waina ranar Juma'a uku. Jirgin bai fasa faɗuwa ba.

Akwai wata matsala da wasan ke da ita: duk sanda aka kashe kwamfutar sai ya manta yadda aka saita shi. Saboda haka kullum kafin babanku ya tashi jirgi sai ya buɗe wani shafi mai 'yan akwatuna tara a jere, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sa musu alama. Turancin ba na iya karantawa, amma yana yi yana faɗa da ƙarfi, irin yadda suka saba a bariki. Wannan iska. Wannan nauyin mai. Wannan shi ne in jirgi ya rasa gudu ya faɗo. Ya taɓa ce mini in ba a sa alamun nan ba wasan na yara ne, jirgin sai ya riƙa shawagi kamar shirwa ko babu inji. Ina tsaye bayansa da goyo ina kallo, har na haddace: na uku, na biyar, da na ƙarshe su ne masu tsanani.

Ranar wata Alhamis ce, an yi ruwan farko kwana biyu kafin nan. Ina tsaye bayansa da goyo, ya gama sa alamun ke nan aka kira azahar. Ya bar janareta na aiki, shafin a buɗe, ya ɗauki buta ya fita. Inna na barci. Na koma ɗakin. Ban taɓa riƙe abin nan da ake ja a kan tebur ba, maus, kibiyar tana ta gudu tana kauce mini. Na cire na uku, na cire na biyar, na cire na ƙarshe, na danna wurin da na ga yana dannawa shafin ya rufe. Abin da ke raina kaɗan ne, wallahi. Na ce ya ga jirgin ya sauka sau ɗaya, ya yi ajiyar zuciya, ya ci tuwo, ya tafi gona. Ban yi tunanin abin da saukar za ta faɗa a kan wanda ya mutu ba. Hankalina bai kai can ba.

Ya dawo ya zauna. Bai sake buɗe shafin ba, don ya san ya cike shi. Ina bakin murhu na ji tashin jirgin, na ji injin ya mutu, na jira ƙarar. Ba ta zo ba. Sai na ji wani ɗan ƙiiit na taya a kan kwalta, sannan shiru. Ya sake, ya sauka. Ya sake na uku.

"Balki! Balki, taho ki gani!"

Na shiga na tarar da shi tsaye, hawaye har gemu, yana nuna allon. Jirgin na zaune a fili lafiya lau.

"Ya sabka. Sau ukku. Da wuri za a karya kwana ta dama, shi ke nan. Da wuri!"

Man janareta ya ƙare a daidai nan, allon ya yi baƙi. Ranar ya ci tuwo malmala biyu. Ya ɗauke ka, Ummaru, ya kira ka da sunanka, ya cilla ka sama. Inna ta ce to Alhamdu lillahi, akwati ya saki ɗanta. Na yi murna, kada in yi muku ƙarya. Na yi murnar da ban yi ba tun ranar aurena. Kafin magariba ya ce in shirya, gobe za mu Kebbe.

"Mi za mu yi Kebbe, Malam?"

"Malam Sahabi ya yahe man abin da bai sani ba. Yanzu na sani, dole shi ji."

"Ka bari mana. Ya riga ya yahe, mi ya rage?"

"Ke ba ki gane ba. Kallon da shika yi man, kallon wanda anka tausaya ma ne. Nika son shi dube ni awa mutum."

A nan ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe, na dubi fuskarsa da ta dawo irin ta da, na rufe.

Muka hau babur da safe, na bar Rabi wurin Inna, kai kana bayana. Hanya duk taɓo, manoma sun fito shuka. Muka isa kafin sallar Juma'a. Na shige cikin gida wurin mata, matar marigayi, Hauwa'u, ta karɓe ka tana yi maka wasa tana ce maka maigidana. Zauren Malam zana ce kawai ta raba shi da inda muke zaune, ga manyan ɗalibansa sun zo gaisuwar Juma'a. Na ji gaisuwa, na ji babanku ya fara bayani, cike da ɗoki. Ya yi maganar kwamfuta, ya yi maganar tsayi da gudu, ya ce ya gwada sau uku jirgin na iya komawa fili, da marigayi ya karya dama da wuri da yana raye. Hannun Hauwa'u ya tsaya a bayanka.

Malam Sahabi bai ɗaga murya ba.

"Sajan, cikin wanga abin naka, in jirgin ya faɗi mutuwa kaka yi?"

"A'a, Malam, sakewa aka yi."

"Sau nawa kas sake kahin ka iya?"

Malam ya ci gaba.

"Ɗana sau guda anka ba shi, ga gidajen mutane gabanai. Kai ka zamna inuwa wata da watanni, sannan ka zo zaurena ranar Juma'a ka gaya man sakacinai ne. Ni ban tambaye ka bututu ba. Ban tambaye ka komi ba. Tashi ka tahi, Allah shi ba mu haƙuri."

Hauwa'u ta miƙo mini kai, Ummaru, ba ta dube ni ba, ta shige ɗaki. Furar da aka dama mana tana nan a ƙwarya muka fito. Sai da muka sauka a Tambuwal babanku ya ce gaskiya ɗaci gare ta, wata rana Malam zai gane.

Washegari ya sayo mai ya tada janareta. Ya buɗe shafin, ya bi akwatunan tara yana faɗa da ƙarfi, ya tashi jirgin. Ya faɗi. Ya sake, ya karya dama da wuri, ya faɗi. Kwana biyu yana yi. Ya kwance sandar tuƙi ya mayar, ya ce ko zafi ne, na jiƙa buhu. A rana ta uku, da yake makaniki ne, ya fara cire alamun ɗaya-ɗaya yana gwadawa. Ina jinsa daga tsakar gida. Wajen la'asar na ji ƙiiit ɗin tayar nan. Na ajiye taɓarya.

Ya kira ni a hankali. Yana zaune, shafin a buɗe, akwatuna uku babu alama, waɗanda na sani.

"Balki, ran Alhamis kina nan tsaye bayana. Kin ga na cike su duka?"

Bai zarge ni ba. Ko kusa bai kawo ni a ransa ba, ya san ban iya taɓa kwamfuta ba. Tambayata yake yi kamar yadda masu bincike suka tambaye shi. Na tuna Kebbe, na tuna fuskar Hauwa'u, na ga kaina a gidanmu da takardar saki da yara biyu, garin duka na cewa ita ce ta sa mijinta ya ci mutuncin malami. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ni ina ta fama da yaro, Malam, ban lura ba."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa.

"Nika jin na cike su," ya ce. "Hakanan nij ji rannan ma, da bututun."

Bai sake kunna kwamfutar ba. Ya naɗe wayoyin ya sa ta a buhu ya ba wani malamin makaranta kyauta. Abin da ya kwashe watanni yana nema a wasan ya samu, kuma ni na ba shi: ya tabbata shi mutum ne mai cewa ya duba alhali bai duba ba. Ya koma Kebbe sau biyu neman gafara, Malam ya amsa sallamarsa ya ce ya yafe, amma bai ce ya zauna ba, kuma maganar ta riga ta zaga gari. Hankalinsa bai tafi ba kamar yadda na ji tsoro. Wani abu ne ya tafi wanda ban san sunansa ba. Ya daina taɓa sifana. Mutane na kawo masa injin ban ruwa da janareta, sun san gwani ne, ya ce su kai wa wani, hannunsa ba abin yarda ba ne. Ya koma noman gero a gonar kawunsa a Jabo. Kun taso kun gan shi yana kulle ƙofa ya yi taku biyar ya dawo ya taɓa kwaɗon, ya sake dawowa, kuna dariya kuna cewa Baba da ƙofa. Sadiya, ranar da kika yi zazzaɓi kina ƙarama ya ƙi ba ki maganin da hannunsa, ya tsaya da cokali a hannu har na zo, ba rashin so ba ne.

Shekara goma sha tara muka yi bayan wannan, kwano ɗaya, ɗaki ɗaya. Kowace shekara ina cewa bayan girbi zan faɗa masa, bayan azumi, bayan auren Rabi. Da farko tsoron saki ne. Daga baya kuma tsoron ya dube ni ya lissafa shekarun da na bar shi a ciki. Ciwon da ya ɗauke shi kwana shida ne, ina gefensa, yana cikin hankalinsa har kwana na biyar, muna hira har da dariya. Ban faɗa ba.

Ko jirgin nan na iya komawa fili ko ba ya iyawa, ban sani ba, wasan ma bai sani ba. Ko babanku ya sa sifana a bututun, wannan sai Allah. Abu ɗaya na sani tabbas, don ina tsaye bayansa da goyo ina ƙirgawa tare da shi: ranar Alhamis ɗin nan ya cike akwatunan duka tara, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya tambaye ni, kuma ni kaɗai ce mai shaida.